Bashin a wuyanki, jarin a hannun ƙanenki

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Mabera, a Sakkwato. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ƙungiyar mata ta ba ta rancen naira 100,000 don sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sai ta cire 60,000 ta ba ƙanenta ya sayi albasa ya ajiye, wai kuɗin zai ninka. Yanzu biyan mako-mako ya gagare ta, tana tambaya ko ta ƙara cin wani bashin.

Kada ki ƙara, 'yar uwa. Allah ya jiƙan maigida, amma gaskiya zan faɗa miki. Kin raba kuɗin da hannunki, nan matsalar take.

Ƙaramin rance yana ɗaga mace ne idan yana juyawa. Ki sayi gyaɗa yau, ki soya, ki kai niƙa, ki matse mai, jibi kuɗin ya dawo da 'yar riba. Haka Muhammad Yunus, wanda ya kafa bankin ba talakawa ƙaramin rance, ya fara a Bangaladash a 1976, dala 27 ya raba wa mutum 42 masu sana'ar hannu, kowa na juya nasa. Ke kuwa da 40,000 kike aiki, kina biyan bashin 100,000. Ina za ta fita?

Albasa sai ta yi watanni a rumbu kafin ta yi daraja, tana ramewa, wata tana ruɓewa. Ranar biya ba ta jiran damina. Ni maganar "zai ninka" ta ishe ni. Na san wata mai ɗinki da ta miƙa wa ɗan yayarta rancenta ya yi harkar buhunan hatsi. Ba takarda, ba shaida, ai ɗan gida ne. Ƙarshe keken ɗinkinta ta sayar ta biya, ina kallo aka ɗora shi a kan Keke Napep, tana tsaye a zaure ta kasa magana. Har yau ba sa gaisawa.

Gobe ki je da wani babba a dangi, ki ga albasar da idonki, ki ƙirga buhunan. A sayar da rabi ko da ba riba, kuɗin ya koma gyaɗa. Sauran a rubuta a gaban shaidu biyu. Sannan ki sami shugabar ƙungiyarku tun kafin ranar biya, ki faɗa mata abin da ya faru, ki roƙi a rage miki kason mako na wata biyu.