Tambaya da Amsa: Mu nawa ne a ƙauyenmu, kuma yaya za a gyara mana hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙauyenmu na ƙaramar hukumar Soba, nesa kaɗan da kwalta. Da damina mota ba ta shigowa, sai 'yan acaɓa. Mun kai kuka sakatariya, aka tambaye mu yawanmu, muka yi shiru. Ina mafita? Daga wani mai karatu, Soba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙidayar ƙarshe a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba jihar Kaduna mutum 6,113,503. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Alƙaluman da ke hannun jama'a kuwa na jiha ne da na ƙananan hukumomi 23, don haka ƙauyenku sai dai ku ƙidaya kanku.

Ku fara da dagaci da masu unguwanni da liman, domin in ba su suka yi wa mutane bayani ba, za a ɗauka maganar haraji ce, a ɓoye muku rabin gida. Kowace unguwa a ba ta mutum biyu masu rubutu, har da mace, tunda ita ce za ta iya shiga cikin gida. Ku bi gida-gida kuna sa lamba da alli a jikin zaure. A kowane gida ku ƙidaya ta tukunya, wato masu cin abinci tare, saboda gida guda kan ɗauki magidanta huɗu ko biyar.

Wuraren da lissafi ke ɓaci sanannu ne. Akan rubuta amarya a gidan ubanta, a sake rubuta ta a gidan miji. Uwa kan tsallake ɗan fari saboda alkunya. Akan manta rugar Fulani da almajiran tsangaya, alhali su ma hanyar suke bi. 'Yan ci-rani kuwa a ware musu shafi daban. In kun gama, ku tambayi ma'aikacin asibitin mazaɓarku yawan yaran ƙauyenku 'yan ƙasa da shekara 5 da ke rajistar rigakafi, ku ninka sau 5, don ma'aikatan lafiya suna ɗaukar irin waɗannan yara a matsayin kashi 20 cikin 100 na jama'a. Idan ya yi nisa da naku, a sake zagaye.

Yawan mutane kaɗai ba ya kawo hanya. Ku zaunar da yaro biyu a bakin gari ranar kasuwa da wata ranar daban, daga 6 na safe zuwa 6 na yamma, su rubuta kowane babur da a-kori-kura da motar kanta da amalanke, da buhunan masara nawa suka fita. Ku haɗa da kuɗin ɗaukar buhu da rani da kuma a watan Agusta. Wannan bambancin ya fi dogon kuka tasiri.

Hanyar ƙauye galibi ta ƙaramar hukuma ce, sai ku bi ta hannun kansila da hakimi, ku ba ɗan majalisarku na jiha kwafi. Shawararmu, kada ku buɗe baki da neman kwalta. Ku nemi kwalbati da magudanar ruwa, ku faɗi wuraren da ke yankewa ɗaya bayan ɗaya, domin ruwa ne ke cin hanya. Kwalbatin ya zama mai faɗin santimita 90, wanda mutum zai iya shiga ya yashe. Mai 60 yashi kan toshe shi da wuri. Ƙasar da za a zuba a kansa kada ta gaza rabin faɗinsa, in ba haka ba kanta mai lodi za ta fasa shi. Gireda ta bar tsakiyar hanya da tudu, gangaren santimita 5 a kowace mita, a zuba marmara kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa, rola ta danne. Aikin a yi shi da rani, yasar magudanai kuma ku sa ta aikin gayya a watan Afrilu, kafin ruwa ya zauna.