Gwajin Sikila Kafin Aure: Wanne Za Mu Dogara Da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An sa ranar aurena bayan Babbar Salla. Ni da yarinyar mun yi gwajin Emmel, takardun biyu duk sun nuna akwai sikila, alhali babu wanda ya taɓa kwanciya da ciwon ƙashi a cikinmu. Iyaye sun ce a fasa. Wannan gwajin ya isa hujja?
Mai karatu daga Bagalam, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bai isa ba. A gwajin Emmel, ɗigon jini ake haɗawa da sinadarin da ke janye iskar oksijin, sannan a duba ko jajayen ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Iyakarsa ya nuna akwai S a jinin, wato nau'in hemogulobin (sinadarin jini mai ɗaukar oksijin) da ke kawo sikila. Ba ya bambanta mai AS (ya gaji S da lafiyayyen nau'in A), wanda lafiyarsa lau, da mai SS ko SC (C ma wani nau'in hemogulobin ne), masu ciwon sikila.

Ku koma ku nemi elektroforez na hemogulobin, gwajin da ke rarrabe nau'o'insa ta hanyar lantarki. Asalinsa binciken jami'a ne: a 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Kalifoniya suka sa hemogulobin cikin lantarki, suka ga na mai sikila ba ya tafiya daidai da na mai lafiya. A 1956 Vernon Ingram na Jami'ar Kambirij ya gano musabbabin, wato sauyin ɗan sinadari guda ɗaya tak cikin sarƙar hemogulobin. Wannan bambancin tafiya shi ne layukan A, S da C da za ku gani a takardarku.

Jini kaɗan ake ɗiba daga jijiya, cikin kwalba mai murfi shunayya, kuma ba sai an zauna da yunwa ba. Inda ake yawan kuskure shi ne ƙarin jini. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata 3 da suka wuce, jinin mai bayarwa zai iya sa SS ya fito kamar AS, don haka a faɗa wa mai gwajin. Kuma kada a rikita shi da rukunin jini, O da B wata magana ce daban.

In kun fito AS da AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zuwa da SS. Ku lura, kowane ciki lissafinsa daban. Muna ganin gidan da ƴaƴa uku a jere duk SS ne, ƙwayoyin jininsu na mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Ku kai takardun biyu gaban likita tare da iyayenku kafin a kai lefe.