Rim ɗin Land Cruiser 200 zai hau Prado 150?

Malam, ba zai hau ba, kada ka ɓata kuɗinka. Na Land Cruiser 200 ramin noti biyar ne (5x150), Prado kuwa shida (6x139.7), irin na Hilux. Ka duba ramin tsakiyar rim ma, na Prado milimita 106.1 ne.

Taya fa, mai lambar girma 265/65R17 Prado ta zo da ita. In hanyarka yashi ce da laka, 265/70R17 za ta ɗan ɗaga motar, amma tana iya gogar jiki in ka murɗa sitiyari ƙarshe. Abin da na fi ji: Prado kullum da ƙafa huɗu take ja, don haka tayoyin su zama girma ɗaya, har safaya. In ta hannu za ka saya, karanta lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar, mako ne da shekarar ƙira.