Tambayoyinku: Gicciye da giwaye masu ƙafar sauro, me Dali yake nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karantar zane-zane, an ba mu aiki kan masu zanen Suriyalizim sai na ci karo da wani zanen Salvador Dali, mutum tsirara ya durƙusa ya ɗaga gicciye, wasu giwaye masu dogayen ƙafafu sun nufo shi. Wai addini yake ɗaukakawa ko izgili yake yi? Wallahi kaina ya kulle.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, gaskiya na ji daɗin tambayar nan dan inda kika tsaya nan ne mutane da yawa suke tsayawa. Zanen da kike magana shi ne jarrabawar Waliyyi Antoni, Dali ya yi shi a 1946, yanzu yana gidan tarihi a Brussels ta Beljiyam. Shi Antoni wani mai zuhudu ne na Kiristocin Masar da ya bar gari ya tare a hamada yana ibada, labarinsu ya ce shaiɗan ya yi ta zuwa masa da siffofi kala-kala, toh masu zanen Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zana labarin nan tun kafin a haifi Dali.

Ki koma ki ƙura wa zanen ido. Antoni yana can ƙasa a kusurwar hagu ɗan ƙarami, gicciyen hannunsa ma sanduna biyu ne kawai aka haɗa, ga doki a gaba ya yi tsaye da ƙafafun baya kamar zai tattake shi, bayansa giwaye, ɗaya ta ɗauko mace tsirara wata ta ɗauko dogon ginshiƙin dutse mai tsini wasu kuma gine-gine na alfarma, wato sha'awa da mulki da dukiya kenan suka yo ayari. Amma ni abin da ya fi kama ni shi ne ƙafafun nan, duk uban nauyin nan a kan ƙafafu sirara kamar na sauro yake tafiya, kina kallo kina jin yanzu za su karye. A fahimtata nan maganar take, abin duniya ga girma ga ban tsoro amma ba shi da gindin tsayuwa. Ni dai ban ga izgili a wannan ba.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ita tafiyar Suriyalizim André Breton ne ya fitar da takardar manufarta a Paris a 1924, sun ɗauki tunanin masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud kan mafarki da abin da zuciya ke ɓoyewa, kuma yawancinsu ba sa ga maciji da Cocin Katolika duk da a cikinta da yawansu suka tashi. Max Ernst a 1926 ya zana Maryamu ta kwantar da jariri Yesu a cinya tana dukansa, zoben hasken da ake sa wa tsarkaka a ka ya faɗo ƙasa, shi Ernst ɗin da Breton da marubucin waƙoƙi Paul Éluard suna leƙe ta taga. Wannan kam tsokana ce da gangan, kuma zoben da ya faɗi shi ya tona manufar.

Kin ga kenan ba a fassara alamar ita kaɗai, ba kamar littafin fassarar mafarki ba ne da za ki buɗe a ce miki gicciye kaza yake nufi. Ki tambayi kanki wa ya zana, a wace shekara, sannan me ya cire ko me ya ajiye a inda ba muhallinsa ba, dan su masu wannan salon da sauya wa abu wuri suke magana.

Dali kansa ma ya canza. Babansa ba ruwansa da addini, mamarsa kuwa 'yar Katolika ce, yana matashi ya yi ta tsokanar coci amma bayan yaƙin duniya na biyu ya juyo har ya gana da Fafaroma Pius na 12 a 1949. A 1951 ya yi zanen Almasihu a kan gicciye wanda yake gidan tarihi na Kelvingrove a Glasgow ta Scotland, bisa aƙidar Kirista ta gicciyewa wadda mu Musulmi ba mu yarda da ita ba, amma dan aikinki ki lura da abin da babu a ciki, babu ƙusa babu jini babu rawanin ƙaya, fuskar ma ba a gani saboda daga sama ake kallonsa, kusurwar da ya aro daga wani ƙaramin zane na Waliyyi Yohanna na Gicciye, malamin cocin Sifen na ƙarni na 16. A ƙasa kuma ga ruwa kwance luf da kwale-kwalen masunta, gaɓar Port Lligat ce a Sifen inda gidan Dali yake. Ya cire azabar kaf ya bar natsuwa, wasu Kiristoci suka ce ya taɓa musu zuciya wasu masana kuma suka ce ado ne kawai irin na kasuwa, har yau ana wannan musun.

Dan haka in za ki rubuta aikinki ki ɗauki na Ernst na 1926 da na Dali na 1951 ki jera su gefe da gefe, ki fara da zoben da ya faɗi ƙasa da ƙusoshin da babu. In kin gama ki turo mana mu gani, Allah ya ba da sa'a.