Hukuncin koya wa yara zane da salon Van Gogh

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina koyar da 'yan aji huɗu darasin zane a wata firamare a Argungu. Na shirya in nuna musu zanen nan mai taurari da dare na Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holland, su kwaikwayi salonsa. Sai wani uba ya zo ya ce zane haramun ne, balle kuma na wanda ba Musulmi ba. In ci gaba ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, ci gaba da darasinki. Hadisin hana zane da wannan uba ya ji ingantacce ne, sai dai ya ja shi zuwa inda bai kai ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce yin sura, wato zana ko sassaƙa siffofi, ce sana'arsa. Ɗan Abbas ya faɗa masa abin da ya ji daga Annabi (SAW), cewa wanda ya yi sura za a ɗora masa hura mata rai ranar ƙiyama, kuma ba zai iya ba. Da ya ga mutumin ya razana, sai ya ce masa in ba makawa ya riƙa yin bishiya da duk abin da ba shi da rai. A kan haka mazhabobi huɗu suka tafi: dutse, gulbi, gona, wata da taurari, babu laifi a zana su.

Zanen da kike nufi, Van Gogh ya yi shi ne a 1889 a Saint-Rémy, kudancin Faransa. Sama ce tana murɗawa kamar guguwa, ga jinjirin wata, ga doguwar bishiya, ga ƙauye a ƙasa. Babu mutum, babu dabba. Amma akwai coci mai dogon tsini a tsakiyar ƙauyen, wannan kada yara su kwafe shi. Su zana nasu garin: rumbu, kuka, hasumiyar masallacin unguwarsu, fadamar shinkafa. Abin da ake so su ɗauka shi ne yadda yake jan layi da yadda yake gama shuɗi da ruwan ɗorawa.

Batun ba Musulmi ba ne kuwa, Imam Ahmad ya ruwaito cewa wasu fursunonin Badar da ba su da abin fansa, Annabi (SAW) ya sa fansarsu ta zama koya wa 'ya'yan Ansar rubutu. Mushirikai ne, kuma yara aka danƙa musu. Sana'ar hannu ana karɓarta daga duk wanda ya iya, aƙida ce ba a karɓa.

Inda maganar take da nauyi, ba ki tambaya ba, amma na san zai zo. Yaron Argungu in kika ba shi takarda, da wuya ya tashi bai zana giwan ruwa ba, ko masunci da gora da homa a kogin Matan Fada. Wannan surar mai rai ce, kuma malamai sun saɓa. Imam Nawawi, na mazhabar Shafi'i, ya tafi a kan haramci, ko surar tana da inuwa ko ba ta da ita. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar da aka fi karantawa a ƙasar nan, sun ce haramun shi ne surar mai rai da ke da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Wadda ke shimfiɗe a takarda ko bango makaruhi ce, ba ta kai haramun ba. Suna kafa hujja da togaciyar da ta zo a Bukhari da Muslim game da zanen da ke jikin tufa. Yara ma sha'aninsu ya fi sauƙi: Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yar tsana a gidan Annabi (SAW), kuma Abu Dawud ya ruwaito har doki mai fukafukai gare ta, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya.

Abin da nake gani, kada ke ki sa su zana mutum ko dabba, tun da kina da iyaye masu bin ra'ayin hani kuma darasin bai dogara da hakan ba. In yaro ya zana kifinsa da kansa, kada a tsawata masa, kada a ce ya yi zunubi, don ba a fara rubuta masa ba tukuna.

Ki zaɓi hotunan da kanki tun daga gida, kada ki buɗe intanet a gabansu, don a ayyukan Van Gogh akwai surorin masu rai da yawa. Labarin taɓin hankalinsa da yadda ya mutu a 1890 yana shekara 37 ba na 'yan aji huɗu ba ne.

Shi kuwa uban, ki kira shi cikin mutunci ki nuna masa takardun yaran. Ki tuna masa allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da dagin da ke jikin gidajen sarauta. In har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ki ba ɗansa aikin zayyana ya yi a madadin wancan, haƙƙinsa ne.

Wallahu a'alam.