Bawul ɗin saniya ko na alade: abin da muka gani a aikin Hajiyarmu

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce shekarunsa 73, bawul ɗin da jini ke bi ya fita daga zuciya ya tsuke, kuma likita ya ba ku zaɓi tsakanin na saniya da na alade. Mu ma mun bi wannan hanya da Hajiyarmu a 2019, tana da shekara 70.

Kafin aikin, daga ɗakinta zuwa bakin famfo a gidanmu na Gwammaja sai ta zauna kan turmi, buta a hannu, tana haki kamar wadda aka biyo. A Asibitin Malam Aminu Kano aka yi mata hoton zuciya, daga nan muka wuce Indiya.

Likitanku ya yi daidai da bai kawo zancen na ƙarfe ba. Shi yana da ƙarko, amma sai an sha maganin tsinka jini na warfarin har ƙarshen rayuwa, ga awon jini na INR a kai a kai, ko alayyahu sai an lura da yawan da ake ci. Tsoho kuwa, santsi ɗaya a banɗaki ya isa ya jawo zubar jini. Shi ya sa wanda ya haura 65 aka fi sa masa na dabba. Yakan kai shekara 10 zuwa 20, kuma ya fi jimawa a jikin tsoho a kan na matashi.

Na alade, bawul ɗin zuciyar dabbar ne da kansa ake ɗinkawa a kan zobe. Na saniya kuma daga tantanin da ya lulluɓe zuciyarta ake yankowa, a ɗinka ganye uku. Duka biyun ana jiƙa su a sinadarin glutaraldehyde, dabarar da likitan Faransa Alain Carpentier ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1960, don haka ba a shan maganin hana jiki ƙin karɓa. A daɗewa tazararsu ba ta da yawa, sai dai idan gurbin ƙarami ne, na saniya ya fi buɗe wa jini hanya.

Mu ba a nan muka maƙale ba. Ranar da Hajiya ta ji kalmar alade, ta ajiye carbinta ta ce, "Gara na koma ga Ubangijina a haka." Malaminmu ya karanto mata aya ta 173 a Suratul Baƙara, ya yi mata bayanin lalura, sannan ya ce tunda akwai na saniya, a ɗauke shi. Ranar ta yi barci. Don Allah kada ku ɓoye wa Baba komai da sunan tausayi, ƙirjinsa ne, shi zai yi sallah da shi.

Kuma ku sa a rubuta. Daren aikin na duba takardar sa hannu, sai na ga ba a faɗi dabbar ba. Sai da na tsaya bakin ƙofa har likitan tiyata ya fito ya rubuta da hannunsa. Ku tambaya tun yanzu ko suna da na saniya a kowane girma, 19, 21, 23 da 25, domin sai an buɗe ƙirji an gwada ake tabbatar da lambar. Na Hajiya 21 ne. Girman nan ya fi sunan kamfani muhimmanci: ƙarami sosai yana barin mutum da haki, kuma in ya tsufa aka so zura sabo a cikinsa ta jijiyar cinya, wuri na yin kaɗan.

Hajiya ta sha warfarin wata 3, aka mayar da ita asfirin. Idan bugun zuciyar Baba na rikicewa, zai iya ci gaba da maganin tsinka jini ko da wane bawul aka sa, ku tambayi likita. Ku kai shi a duba haƙoransa kafin tiyata, ruɓaɓɓen haƙori na tura ƙwayar cuta kan sabon bawul. Katin da za a ba ku mai ɗauke da lambar bawul ɗin, ku ɗauki hotonsa a waya. Na Hajiya yana cikin jakar carbinta, duk shekara da shi muke zuwa hoton zuciya.