Kwamfutata tana daskarewa, in sayar da ita ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi laftof ta hannu a Tip Toe Lane da ke Circle a Accra, RAM ɗinta 4GB, ina lissafin shago da ita. Da na buɗe Chrome da Excel tare sai ta ce ƙwaƙwalwarta ta yi ƙasa, ta tsaya cak. Ɗan maƙwabciyata ya shiga saitin virtual memory ya sauya lambobi, abin ya ƙara muni. In rabu da ita? Daga wata Hajiya a Nima.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sayar tukuna. Ki ɗauki RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita nan take, a matsayin teburin gaban shagonki. Idan ya cika, Windows takan kwashe kayan da ba a taɓawa ta kai sito, wato wani fayil mai suna pagefile.sys da ke faifan C. Wannan siton shi ne virtual memory, ƙwaƙwalwar aro. Faɗaɗa sito ba ya faɗaɗa tebur, kuma zirga-zirgar shiga da fita ita ce nawar da kike gani. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta wajen 100MB a daƙiƙa, RAM kuwa ta ninka shi fiye da sau ɗari.

Fara warware aikin yaron. Ki danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta sysdm.cpl, ki danna Enter. Ki shiga Advanced, sai Settings na ƙarƙashin Performance, sai Advanced kuma, sai Change. Akwai ɗan akwati a sama da ke cewa Automatically manage. Ki sa masa alama, ki danna OK, ki sake kunna na'urar. Ina zargin ƙaramar lamba ya sa, ko ya kashe fayil ɗin dungurungum. Sannan ki duba faifan C: in layinsa ya yi ja saboda bidiyon biki da suna, fayil ɗin ba shi da wurin miƙe ƙafa. A kwashe su zuwa filas.

Maganar kuɗi kuwa, 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, don haka a bakin gaɓa kike. Ki danna Ctrl, Shift da Esc, ki shiga Performance, ki duba Memory. Yawanci zai nuna ko akwai gurbin ƙari. Ki kai ta 8GB. Nau'o'in RAM irin su DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, saboda haka ki tafi da laftof ɗin zuwa Circle, a saka a gabanki, a kunna, ki ga 8GB da idonki kafin ki zaro sidi ko ɗaya. Idan RAM ɗin a manne take da allon ciki, kuɗin ya tafi ga SSD, wato faifan zamani marar juyawa da ya fi tsohon sauri.

Tambaya: Malam, tawa 16GB ce da SSD. An ce in kashe virtual memory don kada faifan ya mutu da wuri. Daga wani ɗalibi a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, bar shi a kunne. Wasu manhajoji kan rufe kansu in babu shi, kuma da shi Windows ke adana bayanin abin da ya faru idan ta faɗi ta nuna shuɗin allo. Da 16GB ba kasafai za a riƙa rubutu a kansa ba, balle ya cinye maka faifai.